Safa mai ɗauke da zanenka: tambayoyin da ake yawan yi mana da amsoshinsu

Shagonmu na buga riguna da kofuna ne tun asali, aikin safa daga baya ya shigo. Tun da ya shigo kuma, tambayoyin da ake kawo mana kusan iri ɗaya ne, ko daga shugaban makaranta, ko kocin ƙungiyar ƙwallon unguwa, ko matashiyar da ke son buɗe kasuwancinta a Instagram. Mun tara su a nan domin mai son ba da aiki ya karanta kafin ya ajiye kafin alƙalami.

Da gaske ana iya buga kowane irin zane a jikin safa?

Kusan kowane iri, amma ba da kowace hanya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya gama zanensa tsaf a kwamfuta, sannan ya zo yana tambayar yadda za a ɗora shi. Da hanyar ake farawa, ita ce ke gaya maka irin zanen da zai yiwu. Safa ba takarda ba ce, kuma ba gaban riga ba ce. Bututu ce da aka saƙa, tana miƙewa idan ƙafa ta shiga, tana lanƙwasa a dunduniya, rabinta kuma yana ɓuya a cikin takalmi. Zanen da ya yi kyau a shimfiɗe kan tebur yana iya zama wani abu dabam a ƙwauri.

To hanyoyin nawa ne, kuma mene ne bambancinsu?

Manyan biyu ne: saƙa da bugu.

A saƙa, zanen yana cikin jikin safar ne tun daga tushe. Injin yana ɗauko zare mai launin da ake so a daidai inda ake so, kamar yadda mai saƙar tabarma ke shigar da kaba mai rini a tsakanin fara. Shi ya sa zanen saƙa ba ya ɓarewa, ba ya koɗewa kafin safar kanta ta mutu, kuma ana iya yin sa da auduga. Iyakarsa ita ce launuka kaɗan ne, yawancin masana'antu suna tsayawa a kan biyar ko shida, kuma babu launin da ke narkewa a hankali ya koma wani. Idan ka juya irin wannan safa ciki waje za ka ga zaruruwa suna rataye a bayan zanen. Ba lalacewa ba ce, haka aikin yake, sai dai in sun yi yawa suna rage miƙewar safar, yatsan ƙafa kuma yana iya maƙalewa a ciki.

A bugu kuwa, ana fara saƙa farar safa zalla, daga baya a ɗora mata tawada. Nan babu iyaka ga yawan launuka. Hoton fuska, faɗuwar rana, zanen atamfa mai launi goma sha, duk suna fitowa. Bugun ma iri biyu ne. Akwai na zafi, wanda masu sana'a ke kira sabilimeshan, shi ne irin wanda ƙananan shaguna ke yi. Akwai kuma na injin da ake zura safar a jikin wani gora mai juyawa, kan firinta yana fesa tawada yana zagaye ta gaba ɗaya. Wannan na biyun ya fi tsafta, injinsa kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Bayan waɗannan akwai ɗinkin tambari da zare, wanda ya dace da ƙaramar alama a gefen idon sawu, da kuma liƙa roba mai zane da zafi. Liƙin roba ba ma ba da shawararsa a safa. A riga yana zama lafiya, amma a abin da ake ja kullum safiya, tsagewa yake yi.

Ra'ayina a taƙaice: tambarin makaranta, ratsi-ratsi, dagin Arewa, sunan ƙungiya, duk a saƙa su. Hoto da zane mai launuka da yawa, a buga.

Masana'anta ta tambaye ni ko ina son allura 144 ko 168 ko 200. Me ake nufi?

Injin saƙa safa zagayayye ne, allurai suna jere a kewayensa. Lambar ita ce yawan alluran, kuma ita ce yawan ɗigon da zanenka zai samu a kewayen ƙafa. Ma'ana, a inji mai allura 144, duk faɗin zanenka daga gaba zuwa baya ya sake dawowa gaba ɗigo 144 ne kacal. Rabin da ido ke gani daga gefe ɗaya kuwa 72. Ka kwatanta da hoton wayarka mai ɗigo dubbai, za ka gane abin da ya sa ƙananan haruffa ke cakuɗewa.

Allura 200 tana ba da safa siririya mai santsi, irin ta zuwa ofis, zane kuma ya fi fitowa ras. Mai 144 ta fi kauri, ana yawan yin safar wasa da ita. Mai 168 tana tsakiya. Ƙasa da haka, kamar 96 ko 108, safar sanyi ce mai kauri ko ta ƙananan yara. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula yana ƙirga gida-gida ya riga ya san wannan lissafin, sunan ne kawai ya bambanta.

Yaya bugun zafi yake aiki, kuma me ya sa kuke cewa dole sai foliyesta?

Ana buga zanen a juye a kan wata takarda ta musamman da wata tawada ta musamman. Sai a zura safar a jikin kwali ko faranti mai siffar ƙafa, a kifa takardar a kai, a danne da injin zafi a wajen digiri 200 na ma'aunin Salshiyas, na kusan minti ɗaya. Da zafin ya kai, tawadar ba ta narkewa ta zama ruwa, tashi take yi ta zama tururi kai tsaye. A daidai lokacin zaren foliyesta yana sakin jiki, tururin ya shige cikinsa, in ya huce ya kulle launin a ciki. Shi ya sa idan ka shafa ba ka jin tudun komai. Launin ya zama jikin zaren.

Auduga ba ta karɓar wannan tawada. Ranar farko za ka ga kamar ta kama, wanki biyu ko uku sai ta zube. Safar da aka gauraya rabi da rabi tana ba da launi dishi-dishi, kamar tsohuwar riga. Don haka safar wannan aiki kusan duk jikinta foliyesta ne, da ɗan zaren roba domin ta kama ƙafa.

Injin gora mai juyawa shi yana iya aiki a kan auduga da nailan, domin ana canza masa irin tawadar.

Ina son baƙar safa mai farin rubutu. Za ku buga?

Da bugun zafi, a'a. Babu farar tawada a cikinsa, farin da kake gani farin safar ne da aka bari ba a taɓa ba. Abin da ake yi shi ne a ɗauki farar safa a rine ta da baƙi a bar gurbin rubutun, wannan kuma shi ne ke kai mu ga tambaya ta gaba. Baƙar safa mai farin rubutu aikin saƙa ce.

Na sayi safa mai kyan launi, da na sa sai fari ya riƙa leƙowa ta jikinta. Algus aka yi mini?

Ba lallai ba. Wannan ita ce babbar matsalar safar bugu, kuma ita ce ta fi jawo rigima tsakanin mai shago da mai kaya.

Ka duba jikin safa da kyau, za ka ga saƙarta tudu da kwari ce, layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Idan tana kwance, tudun sun haɗe baki sun rufe kwarin. Tawada tana sauka a kan tudun, ba ta isa can cikin kwarin ba. Da ƙafa ta shiga, saƙar ta buɗe, sai fararen kwarin nan su bayyana. Safar da faɗinta a kwance bai kai tafin hannu ba, a sha-raɓar babban mutum tana iya miƙewa kusan ninki biyu. Idan zanen launin ruwan madara ne ko ruwan hoda mai haske, ba wanda zai lura. Idan baƙi ne wuluk ko shuɗi mai duhu, sai ya koma kamar an barbaɗa masa toka.

Ni kaina da kuɗina na koyi wannan darasi. Farkon shigarmu aikin, wata ƙungiyar matasa ta ba mu dozin huɗu, shuɗi mai duhu da tambarinsu a gefe. A kan tebur sun yi kyau har muka ɗauki hoto muka sa a shafinmu. Ba wanda ya tuna ya zura ƙafa a ciki. Washegarin da suka karɓa, mai tsaron bayansu, wani ƙato mai cikakken ƙwauri, ya shigo shagon sanye da ita, ya ɗora ƙafa a kan benci bai ce komai ba. Mu muka biya kuɗin sabon aiki.

Maganin leƙowar farin uku ne. A yi amfani da kwali mai faɗi domin safar ta ɗan miƙe tun lokacin bugu, tawada ta samu shiga kwarin. A zaɓi safa mai santsin saƙa maimakon mai zurfin layi. Sannan mai zane ya guji shimfiɗa launi mai duhu zalla a fili mai faɗi. Zane mai cunkoso da ɗigo-ɗigo yana ɓoye farin. Akwai masana'antun da ke saƙa safar bugu da baƙin zare daga ciki, farin yana waje, ta yadda in ta miƙe duhu ne ke leƙowa. Idan zanenka mai duhu ne, ka tambayi irin wannan.

Layin da nake gani a gefen safar fa?

Gaba ake fara bugawa, a juya a buga baya, inda biyun suka haɗu sai a samu siririn farin layi in ba su kai ga juna ba, ko layi mai duhu in sun hau juna. Gwani yana rage shi ta hanyar ɗan murza safar a jikin kwalin kafin bugu na biyu, amma da wuya ya ɓace ɗungurungum. Mai zane mai wayo yana barin gefen da launi mai haske, ko ya sa abin da ba ya buƙatar haɗuwa daidai. Kada ka ratsa fuska ko kalma ta wannan wuri. In kana son zane ya zagaye ƙafa ba tare da mahaɗa ba, sai injin gora.

A wane ɓangare ya fi kyau a sa tambari ko rubutu?

A gefen waje, tsakanin idon sawu da bakin safar, amma ba a kan bakin kansa ba, domin nan ne roba ta fi yawa kuma nan ne ya fi miƙewa. Wannan shi ne wurin da ido ke gani idan mutum ya zauna wandonsa ya ɗage. Ka tuna cewa in tambari a gefe ɗaya kawai yake, to safar ta zama akwai ta dama akwai ta hagu, yara kuma ba sa dubawa da safe. Ga makarantu mukan ce a sa a gefe biyu.

Dunduniya da kan yatsu a bar su launi ɗaya zalla. Suna da lanƙwasa, bugu ba ya kwanciya a kansu, kuma su ne ke fara cinyewa. Tafin ƙafa yana da amfaninsa: a nan ake sa lambar girma ko sunan mai kaya. Wasu suna son a rubuta musu zancen barkwanci a tafin, wanda sai an miƙe ƙafa ake karantawa. A wurin da nuna wa babba tafin ƙafa rashin ladabi ne, ka yi tunanin wanda za ka ba wa kafin ka yi.

Wani abu da ake mantawa: da'ira. Safa a faɗi take miƙewa, ba a tsaye ba, don haka da'irar da ka zana cif za ta koma kamar ƙwai a kwance. Mukan ɗan matse zanen ta gefe tun a kwamfuta. A kan tebur zai yi kamar ya rame, a ƙafa sai ya daidaita.

Wane irin fayil zan turo muku?

Idan tambari ne ko rubutu, ka turo asalin fayil ɗin da aka zana shi a CorelDRAW ko Illustrator, ko PDF ɗin da aka fitar daga ciki, domin irin wannan ana faɗaɗa shi ba ya fashewa. Idan hoto ne, ya kasance mai ɗigo 300 a kowane inci a daidai girman da za a buga. Kuma don Allah kada a turo shi a matsayin hoto ta WhatsApp, manhajar tana matse shi ta zubar da rabin ingancinsa. A turo shi ta zaɓin "Document" na WhatsApp, ko ta imel. Hoton da aka ɗauka daga fuskar waya, ko tambarin da aka ɗauko a jikin kalandar bango, sai an sake zana shi daga farko, wannan kuma aiki ne mai kuɗinsa.

Ka nemi a ba ka ma'aunin safar da za a yi aikin a kai, ka zana a cikinsa, ka bar zanen ya ɗan wuce iyaka ta kowane gefe.

Launin da ke wayata ba shi ne ya fito ba. Laifin wa?

Galibi ba laifin kowa. Fuskar waya haske take fitarwa, tana haɗa ja da kore da shuɗi. Tawada kuwa haske take sha. Akwai launukan da waya ke nunawa, musamman kore mai ƙyalli da shunayya mai haske, waɗanda tawada ba ta iya kaiwa. Ko wayoyi biyu ka jera, ba za su nuna ja iri ɗaya ba.

Idan launin yana da muhimmanci, kamar na kayan makaranta ko ankon biki, kawo ƙyallen yadin da hannunka. Da masana'antar nesa kuma ana magana ne da lambar Pantone, kundin launuka da masu ɗab'i na duniya suka sani. A saƙa, masana'anta za ta zaɓi zaren da ya fi kusa da lambar a cikin wanda take da shi, ba za ta rina maka sabo ba sai odarka ta yi yawa sosai. Wani abin kuma, kada ka firgita in ka ga takardar bugun zafi da launi a mace kafin a danna. Haka take, zafi ne ke tayar da shi.

Za a iya rubuta Hausa da ƙ da ɗ da ɓ?

Za a iya, kuma ya kamata. Matsalar ita ce salon haruffa da yawa, musamman masu ado, ba su da masu lanƙwasa. Ka rubuta "ƙarfi" a kwamfutarka, a buɗe a wata kwamfutar, sai ƙ ta zama akwati ko alamar tambaya, ko ta fito da wani salo dabam da sauran haruffan. Mai injin da ke ƙasar Sin ba zai san an yi ɓarna ba. Don haka a mayar da rubutun zane kafin a tura, wato haruffan su daina zama rubutu su zama siffofi. A saƙa kuma a yi haruffan manya, domin lanƙwasar ɗ ɗigo biyu ko uku ce kawai, in ta ɓace "ɗaki" ya koma "daki". Masu ba da aiki daga Nijar su faɗa tun farko ko ƴ suke so, mu a nan 'y muka saba.

Akwai abin da ba ku bugawa?

Akwai. Sunan Allah, ayar Alƙur'ani, sunan Annabi (SAW), hoton Ka'aba ko masallaci, ba ma sa su a abin da ake takawa. Rubutun Larabci ko ajami ma mukan ce a bar shi, ko da kalmar ba ta addini ba ce, domin mai gani daga nesa ba zai tsaya karantawa ba. A watan Maris na 2024, cikin azumi, an ga safa mai ɗauke da kalmar Allah a wasu shagunan KK Super Mart a Malesiya, abin ya tayar da ƙura a ƙasar har aka kai kotu. Tun a 1997 ma Nike ta janye wani takalmi daga kasuwa saboda zanen wuta da ke bayansa ya yi kama da sunan Allah. Mai zanen ado mai murɗe-murɗe ya riƙa juya aikinsa sama da ƙasa yana duba abin da ya yi kama da shi.

Na biyu, tambarin da ba naka ba. Alamar Nike ko Adidas, bajen Arsenal ko Barcelona ko Kano Pillars, duk suna da masu su. Cewa kasuwa cike take da jabu ba ya mayar da shi halal. Haka zanen da ka tsinta a intanet: wani ne ya zauna ya yi shi, Najeriya kuma tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da hukumar da ke kula da ita. Hoton mutum ma sai da izininsa, kuma kafin ka sa fuskar dattijo ko malami a safa don nuna ƙauna, ka tambayi kanka ko shi zai ɗauke ta a matsayin girmamawa.

Foliyesta a wannan zafin namu, ƙafa ba za ta yi wari ba?

Gaskiya tana riƙe wari fiye da auduga. Ba ta shan gumi, tana tura shi waje ne, in takalmin rufaffe ne kuma gumin ba shi da wurin zuwa. Amfaninta shi ne saurin bushewa. Auduga tana sha, amma in ta jiƙe tana daɗewa a jiƙe. Ga ɗan makarantar da zai wuni da takalmi a watan Afrilu, saƙar auduga mai ɗan nailan da roba ta fi. Ga safar kwalliya, ko ta hunturu lokacin da ake neman abin da zai kare dunduniya daga faso, ta bugu ba ta da laifi. Akwai kuma irin da ake yi wa tafin auduga, sama foliyesta, a buga saman kawai.

Ƙungiyar ƙwallo ce da mu. Akwai wata doka?

Doka ta 4 ta wasan ƙwallon ƙafa ta ce safa ta rufe makarin ƙwauri, kuma duk wani tef ko ƙyalle da aka ɗora a kanta daga waje dole ya zama launinsa ɗaya da ɓangaren da ya rufe. Ta kuma hana saƙon siyasa ko na addini ko na ƙashin kai a jikin kayan wasa. Idan 'yan wasanku suna yanke ƙasan safa su sa gajeriya mai roba a tafi, ku yi odar gajerun da launi ɗaya. Safar ƙwallo ita ce ta fi kowace miƙewa saboda makarin da ke ciki, shi ya sa a nan saƙa kawai muke yarda da ita.

Guda nawa ne mafi ƙaranci, kuma kwana nawa?

A bugun zafi ko ƙafa ɗaya ana yi, kuma in akwai wuta, a yini ake gamawa. A saƙa sai an tsara wa inji zanen ɗigo-ɗigo, an ɗaura zaruruwa, an yi gwaji, shi ya sa masana'antu ba sa karɓar kaɗan. Ka sa ran za a ce maka daga ƙafa hamsin ko ɗari zuwa sama a kowane zane da kowane girma. Farashin guda yana sauka yayin da adadi ke hawa, na bugu kuwa ba ya sauka sosai, domin kowace safa da hannu ake zura ta a danna ta sau biyu.

Odar waje tana cin makonni, da samfur da saƙa da sufuri da kwastan. Idan daga Sin ne, ka lura da hutun sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu suna rufewa na makonni. Mai son kayan komawa makaranta na Satumba, ya fara magana tun kafin damina ta kankama.

Wai a ina ake saƙa waɗannan safunan?

Mafi yawan wadda ake sara a dozin-dozin a kasuwanninmu daga Sin take. Akwai wani gari, Datang, a yankin Zhuji na lardin Zhejiang, da ake yi wa laƙabi da birnin safa, inda ake saƙa biliyoyi a shekara, ba shi da nisa da kasuwar Yiwu da 'yan kasuwarmu suka sani. Turkiyya ma babbar mai yi ce, haka Pakistan, inda kamfanin Interloop na Faisalabad ke yi wa manyan sunayen duniya aiki. Injinan da suka yi suna kuwa na Italiya ne, musamman Lonati na birnin Brescia. Sana'ar tsohuwa ce: a 1589 wani Bature a Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa na farko.

Girma fa? Kowa da ƙafarsa.

Ba a yin safa lamba-lamba kamar takalmi. Ga manya, girma biyu ya isa: ɗaya daga 36 zuwa 40, ɗaya daga 41 zuwa 46. Yara sukan buƙaci uku. Kada ka yarda da "girma ɗaya na kowa" in zanenka yana da rubutu, domin a ƙafar mai 45 haruffan za su baje.

Yaya za a wanke ta kada ta lalace?

A juya ta ciki waje, ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ban da bilic. A shanya a inuwa. Kada dutsen guga ya taɓa ta: zafi ne ya shigar da launin, zafi kuma yana iya tayar da shi ya koma jikin wani tufa, ga shi yana kashe roba. Abin da ke fara mutuwa a safa ba zanen ba ne, robar baki ce, ita kuma rana da ruwan zafi ne maƙiyanta.

Ina so in fara wannan sana'a a gida. Me nake buƙata?

Firinta mai tawadar sabilimeshan, takardarta, injin dannawa mai zafi, kwalayen zura safa, tef mai jure zafi, da fararen safuna na foliyesta. Akwai firintocin da aka ƙera don wannan aiki, kamar na Sawgrass da Epson SureColor F170. Da yawa kuma sukan sayi Epson EcoTank sabuwa su zuba mata tawadar tun farko. Yana yi, amma garantin kamfani ya tafi, kuma ba a haɗa ta da tawadar takarda. Takardar A4 ba ta isa doguwar safa, sai A3 ko doguwar takarda.

Abin da ba a gaya wa sababbi shi ne wuta. Injin dannawa matsakaici yana jan wat 1,500 ko fiye, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, in wutar tana hawa da sauka kuma zafin ba ya tsayawa, launi ya fito rabi-rabi. Firintar ma in ta yi kwanaki ba a kunna ba, ga ƙurar hunturu, kanta toshewa yake yi. Ka riƙa buga ɗan wani abu duk kwana biyu, ka rufe ta da ƙyalle. Kuma kada ka dogara da safa kaɗai. Injin da ke buga ta shi ke buga riga da jaka, su ne za su riƙe shagon kafin safar ta samu masu saye.

An kawo mini samfur. Me zan duba kafin in ce a ci gaba?

Kada ka duba shi a hannu. Nemo wanda ya fi kowa kaurin ƙwauri a cikin waɗanda za su sa, ya zura, ya sa takalmin da za a riƙa sawa da ita. Ja da baya taku uku ka gani ko rubutun yana karantuwa, ko tambarin ya nutse a takalmi, ko da'ira tana nan a da'irarta, ko fari yana leƙowa. Ya wuni da ita, da yamma a duba ko ta zame ko bakinta ya bar masa shaida a fata. Juya ta ka shafa ɗinkin kan yatsu, in yana da tudu zai ci ƙafa. Sai a wanke ta sau uku a jera ta da 'yar'uwarta da ba a wanke ba, a fito da su hasken rana a kwatanta.

In ka gamsu, ka sa hannu a jikin takardar aikin, ka riƙe safa guda ɗaya ta samfurin a wurinka, mai aiki ya riƙe ɗaya. Ranar da kaya suka iso, da ita za a gwada kwalin kaya na farko kafin a biya cikon kuɗi.